Darajar Tsohuwar Mota Tana Ƙarƙashin Bonet

Masu sayen motocin tarihi a Turai da Amurka sukan buɗe bonet kafin su taya. Abin da suke nema shi ne kamannin da mota ta baro masana'anta da su: fentin asali, farantin lambar shasi, lambar inji, da ɗigon fentin da masu duba aiki suka sa wa kusoshi.

Don haka ƙwararru kan ɗauki hoton kowace alama kafin wanki, su rufe faranti kafin feshi, su haɗa fenti bisa lambar launin kamfani. Sabon fentin da ya binne alamomin nan yakan karya farashi.

Masu Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, sai su yi hattara kafin su miƙa ta ga mai fenti.