Gargaɗi: Mai Tafiya Cikin Barci Bai San Inda Rijiya Take Ba

Iyaye, malaman tsangaya da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, wannan kira naku ne. In bazara ta kama, akan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, wasu har saman soro suke hawa neman iska. In akwai wanda ke tashi ya yi ta tafiya cikin barci a hannunku, yau ɗin nan za ku gyara masa makwanci, kada ku ce sai gobe.

Abin yakan zo ne a farkon dare, awa ɗaya ko biyu bayan kwanciya, sa'ad da barci ya fi nauyi. Sai ka ga yaro ya miƙe, ido a buɗe amma ba ya kallon kowa. Ka kira sunansa, ya yi shiru, ko ya amsa da maganar da ba kai ba gindi. Ya je ya tsuguna a gindin randa ya yi fitsari, ko ya zare sakata ya nufi zaure. Da safe ya rantse bai san an yi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sashen ƙwaƙwalwarsa mai motsa gaɓoɓi ne ya farka, sashen hankali da tunawa kuwa yana can yana barci. Ƙafa na tafiya, babu mai yi mata jagora.

An fi ganin haka ga yara, kuma galibinsu suna dainawa kafin su gama balaga. Akwai gado a ciki: in uwa ko uba sun yi, ba mamaki ɗa ya yi. Abubuwan da ke tayar da abin sun haɗa da ƙarancin barci, zazzaɓi mai zafi, fargaba da damuwa, kwanciya da fitsari cike da mara, da hayaniyar dare. Ga manya akwai giya, minshari mai ɗauke numfashi, da wasu ƙwayoyin sa barci. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta tilasta a buga gargaɗi mafi tsanani a kan zolpidem da ire-irensa, bayan an samu waɗanda suka sha suka yi tafiya, har da tuƙin mota, cikin barci, wasu suka ji rauni, wasu suka rasu. Kada kowa ya sayi maganin barci a kemis ba da takardar likita ba.

Ga abin da za ku yi tun daren yau:

1. A rufe bakin rijiya da murfi mai nauyi. A kashe garwashin murhu, a ɗauke wuƙa, adda da kalanzir.

2. Kada mai tafiya cikin barci ya kwana a saman soro, ko gadon sama, ko kusa da matakalar bene.

3. A ɗaura sakata inda hannunsa ba ya kaiwa, a rataya gwangwani ko ƙararrawa a ƙofa.

4. In kun gan shi yana tafe, ban da ihu, ban da jijjiga, ban da duka. Ku kama kafaɗarsa a hankali ku mayar da shi shimfiɗa. Tashinsa ba ya kisa kamar yadda ake faɗa, amma yakan firgita ya kai naushi ko ya ruga. In yana dab da haɗari, ku tashe shi.

5. Ku sanar da maƙwabta da 'yan sintiri, kada a ga mutum a lungu da tsakar dare a yi masa ihun ɓarawo.

Kada a yanke cewa iskoki ne a kulle shi da hayaƙi, ko a riƙa yi masa gori gaban 'yan'uwansa; tsoro ƙara abin yake yi. A riƙe addu'ar kwanciya, a haɗa da isasshen barci da yin fitsari kafin a kwanta.

In abin ya yawaita, ko ya ji ciwo, ko ya faro wa mutum da girmansa, ko ana ganin jiki na karkarwa da cizon harshe, a garzaya asibiti, domin farfaɗiyar dare takan zo da kama irin wannan. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah Ya tsare mana zuri'a.