Baƙin da ba a gayyata ba a cikin kwamfuta

Daga shagunan babbar kasuwar Maraɗi har zuwa ofisoshin gwamnati na Yamai, kukan iri ɗaya ne: kwamfuta ta yi nauyi. Ma'aikaci zai kunna ta da safe, ya gaisa da abokan aiki, ya sha shayi, ya dawo ya tarar ba ta gama farkawa ba. In ta farka kuma, sai tallace-tallace su cika allo, kuɗin intanet ya ƙare ba a yi aikin komi ba. Galibi akan ce na'urar ce ta tsufa. To amma sau da yawa lafiyarta lau, baƙi ne suka yi mata yawa, wato manhajoji, ko lojisiyel kamar yadda ƴan buro ke faɗi, waɗanda mai na'urar bai nema ba.

Abin takaicin shi ne, yawancinsu ba katanga suka haura ba, mai gida ne ya buɗe musu ƙofa. Mutum yana son saka manhajar kyauta, sai ya yi ta danna "Suivant" ba tare da karanta abin da aka rubuta ba, alhali a ɗaya daga cikin shafukan an riga an amsa masa cewa yana son ƙarin wasu biyu ko uku. Shekara da shekaru haka Ask Toolbar ta riƙa bin Java tana shiga na'urorin mutane. Wasu kuma a wurin mai gyara ake samo su, cikin kwafin Windows ko Office na sata da akan cika kwamfutar okaziyo da shi don a burge mai saye.

Har sabuwa fil daga kwali ba ta tsira ba. Daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin hannu ɗauke da wata manhaja mai suna Superfish, wadda aikinta cusa talla cikin shafukan da mutum ke dubawa. Don ta iya leƙa har shafukan da ke kulle, irin na banki, sai ta dasa wata takardar shaida tata a cikin na'urar, kuma mabuɗin takardar iri ɗaya ne a dukan kwamfutocin. Da masana suka fasa mabuɗin a watan Fabrairu 2015, sai ta bayyana cewa ɓarawo ma zai iya bi ta nan. Wani abin lura kuma, waɗanda suka cire manhajar kaɗai ba su tsira ba, domin takardar shaidar tana nan zaune. Sai da kamfanin ya fito da abin cirewa na musamman. A 2017 ya amince ya biya jihohin Amurka 32 dalar Amurka miliyan 3 da rabi.

Ke nan cire baƙo aiki ne na natsuwa. Kafin a taɓa komi, a kwashe takardu zuwa wani faifai na waje. Ɗan kasuwar da lissafin bashin da yake bi yake cikin Excel kaɗai ya san abin da ake nufi. Bayan haka a shiga "Paramètres", a buɗe "Applications", a jera manhajojin bisa ranar da aka saka su. Nan asiri ke tonuwa: duk wadda ta shigo rana ɗaya da wata manhajar kyauta, kuma ba a san ta ba, abar tuhuma ce. A danna "Désinstaller". Goge hoton manhaja daga allo ba cirewa ba ne, kamar cire allon shago ne mai haya yana ciki. Sai dai kada zafin rai ya sa a share abin da ke ɗauke da sunan Microsoft, Intel ko Realtek don kawai ba a gane shi ba; da yawa su ke sa sauti da intanet su yi aiki.

Saura wurare biyu da baƙi ke laɓewa. A "Gestionnaire des tâches" akwai jerin abubuwan da ke tashi tare da na'ura, a kashe waɗanda ba a buƙata. A cikin Chrome ko Firefox kuma a duba "Extensions", a fitar da wanda ba a sani ba. Daga nan a bar Microsoft Defender, wanda yake cikin Windows kyauta, ya yi cikakken bincike. AdwCleaner, wadda aka ƙirƙiro a Faransa kuma Malwarebytes ya saya a 2016, tana taimakawa wajen masu talla.

Babban tarko shi ne saƙon da ke faɗowa da jan rubutu yana ihu cewa an ga birus ɗari, a danna nan a wanke. Mai wannan ihu shi ne cutar. Ko manhajar sharewa ta gaskiya ba a rufe ido da ita: a 2017 ɓarayi sun cusa guba cikin CCleaner, fiye da mutum miliyan 2 suka sauke ta.

Ma'aikata sun fi sanin ciwon kile, wanda ke yawo daga buro zuwa buro da wuraren buga takardu. Ana saka shi sai a ga dosiye duka sun koma "raccourci". Kada a danna su, kada kuma a yi gaggawar share kilen: takardun suna nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyara na ƙwarai zai fito da su da umarnin attrib cikin ƴan mintoci.

Shi ya sa ya kamata a yi hattara da mai gyaran da amsarsa ga kowace matsala ita ce a yi "formate". Wani lokaci babu makawa, musamman in Windows ɗin na sata ne. Amma a tambaye shi ina ya ajiye takardun, da wane kwafi zai mayar. In Windows 10 ne, a sani Microsoft ya daina ba shi kariyar da ya saba tun ranar 14 ga Oktoba 2025.