Dalilin da ya sa harafin ƙ guda ɗaya ke ninka kuɗin saƙon tes

Kwanakin baya muna shirin tura wa mutanen da muke bibiya a wani bincike saƙon tuni ta tes. Saƙon bai kai haruffa 160 ba, don haka na yi lissafin kuɗin shafi ɗaya ɗaya na kai wa mai riƙe da kuɗin aikin. Da muka zo turawa sai manhajar ta nuna shafi uku ga kowane mutum. Na sake ƙirga haruffan, 150 ne cif. Abokin aikina ya leƙo ya ce in cire ƙugiyoyin in gani. Na mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, nan take shafi uku ya koma ɗaya. A ranar haka muka tura shi, tsirara, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo.

Wannan abu ba cuta ba ce daga kamfanin waya, ba kuma matsalar wayarka ba ce. Asalinsa wani lissafi ne da aka yi a Turai shekaru kusan arba'in da suka wuce.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Saboda haka sai an yi jadawali an ce lamba kaza ita ce harafi kaza. Jadawalin da ya fi shahara a farko shi ne ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963. Gurbi 128 ne kacal a cikinsa, domin kowane harafi ana ba shi bit bakwai, bit kuma shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko sifili ko ɗaya. A wannan jadawali babban A shi ne 65, ƙaramin k kuma 107. Gurbi 128 ya ishi Turanci har da rara. Mu kuwa babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y.

To, saƙon tes ma irin wannan hanya ya bi. Lokacin da injiniyoyin Turai ke tsara GSM a shekarun 1980, sun samu ɗan wuri a hanyar da waya ke gaisawa da turken sabis, suka ce a cusa gajeren saƙo a nan. Wurin bayit 140 ne, kowane bayit kuma bit takwas, wato bit 1,120 ke nan. Raba 1,120 gida bakwai, za ka samu 160. Daga nan 160 ɗin da kowa ya haddace ta fito. Wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, ya gwada buga jimloli a keken rubutu yana ƙirgawa, ya gamsu cewa haruffa 160 sun isa a isar da magana. Ko iyakar 140 da Twitter ta fara da ita daga nan aka yanko, aka bar 20 don sunan mai rubutu.

Jadawalin GSM ɗin ya yi wa Turawan Yamma adalci: akwai é ta Faransanci, ñ ta Sifaniyanci, ü ta Jamusanci, har da wasu manyan haruffan Girka. Daga baya an ƙara jadawali na musamman don harshen Turkiyya, da na Fotugal, da harsunan Indiya da dama irin su Hindi da Tamil da Urdu. Hausa ba ta cikin waɗanda aka yi wa. Idan waya ta ci karo da harafin da babu shi a jadawalin, ba harafin kaɗai take canza wa tsari ba, saƙon gaba ɗaya take juyawa zuwa wani tsari mai suna UCS-2, inda kowane harafi ke cin bit 16. Raba 1,120 gida 16, sai ka ga 70. Idan saƙon ya wuce shafi ɗaya kuma ana ɗebe wani abu don alamar da za ta haɗa shafukan a wayar mai karɓa, sai kowane shafi ya rage saura 67. Haruffa 150 ɗina ke nan suka zama shafi uku. Ƙ ɗaya tak ta isa ta jawo wannan. Emoji ma haka. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ko ɗan waƙafin sama da muke sawa a 'ya'ya, idan wayarka ta lanƙwasa shi don ado maimakon ta bar shi a miƙe, shi ma yana juya saƙon zuwa 70.

A intanet labarin ya fi daɗi, amma ba a kai nan da sauƙi ba. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ne yunƙurin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. A nan ƙ tana da lamba 409, ɓ 595, ɗ 599, ƴ kuma 436. Sai dai ba da lamba daban, yadda za a adana lambar a cikin bayit daban. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka zana tsarin UTF-8, kuma kamar yadda Pike ya ba da labari, a kan takardar teburin wani gidan cin abinci a New Jersey aka fara zanen. Dabarar ita ce haruffan ASCII su ci gaba da cin bayit ɗaya kamar da, sauran su ci biyu, uku ko huɗu. Namu masu ƙugiya biyu suke ci. Yau fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan intanet da wannan tsari suke aiki, shi ya sa a WhatsApp da Facebook ƙugiya ba ta ƙara maka wani kuɗin da za ka ji a jikinka.

Amma na tabbata ka taɓa buɗe wani shafi ko wata takarda ka ga an rubuta "Æ™asa" a inda ake nufin ƙasa. Ga abin da ya faru. A UTF-8 an adana ƙ a bayit biyu, 198 da 153. Sai wata manhaja ta ɗauka da tsohon jadawalin Windows na Yammacin Turai aka yi rubutun, ta karanta bayit ɗin ɗaya bayan ɗaya: 198 a wurinta Æ ne, 153 kuma ™. Wannan yana gyaruwa, tunda lambobin na nan, karatun ne aka yi ba daidai ba. Wanda ba ya gyaruwa shi ne "?asa". A nan manhajar ta ga harafin da ba ta da gurbinsa, ta jefar da shi ta sa alamar tambaya. Rumbun adana bayanai na MySQL, wanda shafuka da yawa ke zaune a kansa, ya daɗe yana zuwa da jadawalin Yammacin Turai a matsayin zaɓin farko, sai a sigarsa ta 8 a 2018 aka koma cikakken UTF-8. Duk sunan da ya shiga irin wannan rumbu ya fito da alamar tambaya, sai dai a nemi mai sunan a tambaye shi.

Akwai kuma namu laifin, ko in ce namu dabarun da suka zame mana ƙarfen ƙafa. Kafin Unicode ya bazu, masu ɗab'i sun ƙera salon haruffa na musamman, inda za ka danna } sai ƙ ta fito a allo, ka danna ] sai ɗ ta fito. Wasu kuma suka ari q da x da v. A takarda abin ya yi kyau, littattafai da jaridu da yawa da haka aka buga su. Amma a cikin kwamfuta lambar } ce a ajiye, hoton kawai aka canza. Da aka kwafe rubutun aka ɗora a intanet sai rigar aron ta faɗi, ga "}asa" da "]aya" da "qasa" da "xaya" birjik. Ban ga laifin waɗanda suka yi haka a lokacin ba, babu wata mafita. Wanda har yau yake buga kundin digirinsa da irin wannan salo dai, ya sani cewa in aka nemi kalma a cikinsa ba za a same ta ba.

Nemowar ma wata matsala ce mai zaman kanta. Masu shirya manhaja suna da wata dabara ta daidaita é da e: Unicode ya yarda a ɓalle é ta zama e da ɗan alamarta, sai a jefar da alamar. Ƙ ba ta ɓallewa haka. A wurin Unicode harafi ce mai cin gashin kanta, kuma gaskiyarsa ke nan, domin a Hausa ma haka take. Sakamakon dai shi ne a manhajoji da yawa wanda ya nemi "kasa" ba zai ga "ƙasa" ba, sai in mai shirya manhajar ya zauna ya rubuta wannan daidaiton da hannunsa.

A nan ne harsunan shirya manhaja ke shigowa, kuma ina da ra'ayi a kai. Tambayi Python 3 tsawon kalmar "ƙasa", zai ce 4. JavaScript ma 4. Tambayi Go ko Rust ta hanyar da aka saba, za su ce 5, domin bayit suke ƙirgawa. Ba kuskure ba ne, zaɓi ne, kuma Thompson da Pike ɗin nan suna cikin waɗanda suka ƙirƙiro Go. Amma ɗalibin da bai san wannan ba zai yanke rubutu a tsakiyar harafi ya rasa daga ina shara ta fito. Python 2 ma 5 yake cewa. Da Python 3 ya fito a 2008 ya raba rubutu da bayit, mutane sun yi ta ƙorafin an karya musu tsofaffin manhajoji, har sai a farkon 2020 aka rufe babin Python 2. Ga mai aiki da Hausa, wannan canji alheri ne, kuma yana cikin dalilan da nake ce wa mai farawa ya fara da Python. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fom ɗin intanet da ke cewa sunanka ba daidai ba ne don ka rubuta Ɗanjuma ko Sa'adatu. Layi ɗaya ne wani ya kwafo wanda ya ce daga a zuwa z kawai za a karɓa, kuma sau da yawa wanda ya kwafo ɗin ɗan gida ne.

Wani zai ce ai ko babu ƙugiya muna ganewa. Yawanci haka ne, jimla tana nuna hanya. Amma baki daban baƙi daban, kare daban ƙare daban, fada daban faɗa daban. A saƙon asibiti zuwa ga mai juna biyu, bari da ɓari ba abin wasa ba ne. Kuma yanzu ba mutum kaɗai ke karanta abin da muke rubutawa ba. Manhajojin fassara da masu karanta rubutu da murya daga rubutunmu na intanet suke koyo, in sun tarar da kalma ɗaya a siffa huɗu ko biyar, ruɗewa suke yi, mu kuma mu dawo muna cewa ba su iya Hausa ba.

Ni dai a WhatsApp, da imel, da duk abin da zan ɗora a intanet, ina sa ƙugiya. Gboard yana da Hausa, ka shiga saitin harsuna ka ƙara ta, minti ɗaya ne. A tes kuwa, inda kuɗi ke magana, abin da muka koma yi shi ne mu gajarta saƙo ya tsaya ƙasa da haruffa 70 da ƙugiyoyinsa. In ya ƙi, sai mu nemi kalmomin da ba su da ƙugiya tun asali, mu kuma duba cewa waƙafin sama a miƙe yake. Saƙonmu na biyu haruffa 68 ne, shafi ɗaya.