Siddabarun Fim: Abin da YouTube Zai Koya wa Matashin Sabha

Tun da kamfanin Google ya fito da Veo 3 a watan Mayun 2025, wata magana ta kama bakin samari masu sha'awar harkar fim. Wai koyon haɗa siddabarun hoto ya zama ɓata lokaci, tunda yanzu mutum zai rubuta jimla ɗaya, ƙirƙirarriyar basira ta miƙo masa bidiyo har da murya. A gefe guda kuma ga masu tallar kwas a Facebook da TikTok suna alkawarin mayar da mutum gwani cikin mako biyu. Ɓangarorin biyu kan abu ɗaya suka tsaya: zaton cewa manhaja ce ke yin aikin, mutum maɓalli kawai yake dannawa.

Wannan zato ya fi yin ɓarna a wuri irin Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, mai nisan fiye da kilomita 700 daga Tarabulus. Hausawa ba baƙi ba ne a yankin. Fataken Kano sun daɗe suna ratsa Murzuk da raƙuma, yau kuma motoci ne ke tasowa daga Agadas su bi ta Dirku da Gatrun. Abin da duniya ta fi ji game da garin shi ne rahoton hukumar kula da ƙaura ta IOM na watan Afrilun 2017 kan sayar da baƙin haure. Amma akwai waɗanda suka zauna suna gini, suna aikin gona, suna ɗinki da gyaran waya, suna aika kuɗi Damagaram da Tawa da Kano. Matashin da ya wuni yana ɗaukar bulo, idan ya ware wani abu ya sayi data don koyon sana'a, bai kamata a yaudare shi kan abin da zai samu ba.

Za a iya koyo daga bidiyon intanet? Ƙwarai kuwa, kuma shaidar tana Kaduna. A 2019 labarin wasu matasa da ke kiran kansu The Critics ya karaɗe duniya. Da wayar da gilashinta ya fashe suke ɗaukar fim, sun ɗaura ta a kan karyayyen ƙarfen makirufo, sun tara kuɗi sun sayi koren yadi, sauran kuma a YouTube suka koya, da manhajar Blender. A 2020 daraktan Amurka J.J. Abrams ya aika musu da kayan aiki. Sai dai masu yaɗa labarin kan manta cewa kafin 2019 yaran sun yi shekaru suna fama, suna yi yana lalacewa suna sakewa.

Kuɗin manhaja ma ba shi ne shingen ba. Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a watan Maris na 2025. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta. After Effects ce ake biya duk wata, shi ya sa da yawa ke sauke ta sata, su kwaso wa kwamfutarsu cuta a banza.

To ina wahalar take? Tana cikin ido. A ce an ɗauki mutum a gaban koren ƙyalle, ana so a dasa shi a gindin tsohuwar ganuwar Sabha da ke kan tudu. Cire koren aikin minti kaɗan ne. An zaɓi launin ne don ya yi nesa da launin fatar mutum. Bayan nan aikin ke farawa. Ranar Fezzan tana dukan ƙasa daga sama, inuwarta gajera ce mai kaifi, shi kuwa an ɗauke shi a ɗaki da fitilar da ke haskowa daga gefe. Farar rigarsa ta sha koren da ya dawo daga ƙyallen. Ƙurar hamada tana dusar da abin da ke nesa, shi kuma ya fito tangaran. Kyamarar da ta ɗauki ganuwar ta ɗan girgiza a hannu, don haka sai an bi wasu ɗigo a hoton ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ƙafarsa za ta riƙa zamewa a kan ƙasa. Aikin kamar na telan da ke facin babbar riga ne. Kowa zai iya yanka ƙyalle ya ɗinke ramin, amma gwani sai ya duba launi, ya duba inda zaren saƙar ya dosa, ya lura da yadda wanki ya koɗar da tsohon yadin, har mai rigar ya rasa inda facin yake. Keken ɗinki bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Nan ne masu kallon darasi ke faɗawa rami. Shahararren darasin Andrew Price na masu fara Blender yana koyar da ƙera wani zagayayyen cincin na Turawa, kuma ɗimbin mutane sun bi shi mataki-mataki sun fitar da abu mai kyau. A ce musu su ƙera butar shayi ba tare da bidiyo ba, sai hannu ya tsaya. Wanda ya kalli darasi ɗaya ya rufe shi, ya ɗauki bidiyon ƙofar gidansu ya gwada abin a kai, ya fi wanda ya cika wayarsa da darussa ɗari. Ita ma ƙirƙirarriyar basira tana yawan sauya fuska ko tufafi daga wannan fitowa zuwa waccan, kuma darakta ba zai karɓi haka a fim mai dogon zango ba. Wanda ya san haske da inuwa ne zai gane kuskuren, shi ne kuma za a biya ya gyara.

Sai batun wuta, wanda malamin YouTube da ke zaune a wata ƙasa ba zai tuna da shi ba. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce. Fitowa mai daƙiƙa 10 hotuna 240 ke nan, kuma idan ƙaramar kwamfuta tana cin minti biyu kan kowane hoto, aikin awa takwas ne. Kudancin Libiya ya sha fama da ɗaukewar lantarki na sa'o'i, zafin bazara kuma yana haura digiri 40, kwamfuta ta ɗau zafi ta rage gudu. Dabarar ita ce a sa manhajar ta ajiye hotunan ɗaiɗai maimakon dunƙulallen bidiyo. Idan wuta ta ɗauke bayan hoto na 180, sai a ci gaba daga na 181. Haka nan gara a sauke darasi a lokacin da intanet ke da ƙarfi, a riƙa maimaita kallonsa ba tare da ƙona data ba.

Harshe ma shinge ne. Mafi yawan darussa masu zurfi da Turanci suke. Mazaunin Sabha da ya iya Larabci yana da ƙofa ta biyu, ɗan Nijar da ya yi boko yana da Faransanci. Na Hausa kuwa sun fi karkata ga editin a waya da CapCut da KineMaster. Abin takaici ne, ganin cewa Kano na yin fim tun Turmin Danya a 1990, kuma jerin finafinai irin su Labarina da Izzar So sun nuna cewa masu kallo suna nan jibge a YouTube. An kafa hukumar tace finafinai a Kano tun 2001, an kuma soke shirin gina ƙauyen fim a jihar a 2016 bayan ce-ce-ku-ce. Ƙarfin da ake sawa wajen sa ido da dakatarwa, da an karkatar da kaɗan daga ciki wajen ɗaukar nauyin editocin Kannywood su naɗi darussa da Hausa, daga cire koren ƙyalle har zuwa daidaita launi, da yaron da ke Sabha ya amfana daidai da wanda ke titin gidan Zu a Kano, kuma kuɗin ba zai kai na gina ko da katangar ƙauyen fim ba.