Agogon Da Ke Cikin Jiki

Kowa a Zabi ya san carar zakara da asuba. Mutane da yawa suna zaton hasken alfijir ne kawai yake sa shi cara. A shekarar 2013, masana a ƙasar Japan sun ajiye zakaru a ɗakin da haskensa ba ya sauyawa dare da rana. Duk da haka zakarun suka ci gaba da cara kusan a lokacin da suka saba. Ashe akwai agogo a cikin jikinsu.

Mutum ma yana da irin wannan agogo. Shi ne yake kawo barci da dare, ya tashi mutum da safe. Har tsirrai suna da nasu, shi ya sa ganyen gyaɗa yake rufewa idan dare ya yi.

Yaya Agogon Yake Aiki?

An gina jiki da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai ƙwayoyin gado, wato abin da ɗa yake gada daga uwa da uba. Su ne suke ba da umarni jiki ya haɗa sinadaran da ake kira furotin.

A 1984, masana a Amurka suka ware wata ƙwayar gado mai kula da lokaci, a jikin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Daga baya suka gano cewa furotin ɗinta yana taruwa da dare. Idan ya yi yawa, sai ya koma ya tsayar da ƙwayar gadon da ta sa aka haɗa shi. Da rana sai ya lalace, aiki ya sake farawa.

Abin kamar ban ruwa ne a fadama. Idan fangali ya cika, sai a toshe hanyar ruwa. Idan ya tsotse, sai a buɗe. Wannan cika da raguwa yana ɗaukar kimanin awa 24. Saboda wannan bincike, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka sami kyautar Nobel a 2017.

Binciken Samaru

Masanan lafiyar dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sun yi ta auna zafin jikin jakuna a lokuta daban-daban na yini, da hunturu da kuma bazara. Sun ga zafin yana sauka da sassafe, yana hawa bayan rana ta take. Don haka mai jaki ya ɗora masa kaya da safe, ya bar shi a inuwa da ruwan sha idan rana ta ƙwalle.

Abin Kiyayewa

Hasken da yake shiga ido ne yake saita agogon kullum. Yawan kwana a farke yana rikita shi, kuma yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Masu gadi a Sabon Gari su rama barcinsu da rana a ɗaki mai duhu. Direbobi su guji tuƙi a tsakar dare, lokacin da gyangyaɗi ya fi ƙarfi. Iyaye kuma su karɓe wayar salula daga hannun yara bayan sallar isha'i, su sa su kwanta a lokaci ɗaya kullum.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Wanda ya hana shi lokacinsa, zai zo masa a gona ko a kan hanya.