Lissafin Da Ya Hana Mu Ɗaura Waya A Fiyus

Ran Asabar da dare fiyus ɗin dogon soket na ɗakinmu ya ƙone. Muna da butar lantarki biyu a kansa, ga kuma dutsen guga, gama kowa yana shirin kayan Lahadi. Nan da nan wani ɗan'uwa ya kawo guntuwar wayar tagulla, ya ce a ɗaura a madadin fiyus, wai haka ake yi a garinsu. Na hana, aka yi ta gardama, amma a lokacin ban iya nuna dalilina da alƙaluma ba. Ga shi yanzu na kawo.

Abu uku ne a cikin sha'anin nan. Akwai ƙarfin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt. Akwai yawan wutar da ke gudu cikin waya, ana auna shi da amfiya. Sa'an nan akwai turjiya, watau yadda abu ke hana wuta wucewa, ana auna ta da om. Sunan nan daga wani malamin makaranta ne Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya buga ƙa'idarsa a 1827. Ashe malamin makaranta ma yakan bar suna.

Ƙa'idar kuwa ba wuya. In ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. In ka ninka bolt da amfiya, ka sami ƙarfin aiki, wanda ake auna shi da wat.

Ran Litinin na aro ma'auni daga ɗakin kimiyya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Buta ɗaya ta ja amfiya 10. To, 230 a raba gida 10, om 23 ke nan. 230 sau 10 kuma, wat 2,300. Dutsen guga ya ja amfiya 5, watau om 46, wat 1,150.

A nan ne na yi mamaki. Dā ina tsammani abin da ya fi turjiya shi ya fi cin wuta. Ba haka ba ne. Buta ce mai ƙaramar turjiya, ita ce kuwa ta fi ci, domin ƙofar da ta fi faɗi ta fi shigar da jama'a. Duk wanda zai koyar da wannan a aji, sai ya tsaya nan, gama yara za su yi kuskuren da na yi.

Yanzu mu tara: 10 da 10 da 5, amfiya 25. A jikin fiyus an rubuta 13. Ai dole ya ƙone, aikinsa ke nan. Da mun ɗaura tagulla, da amfiya 25 ɗin nan sun bi ta siririyar wayar soket ba mai tsaida su. Zafin da waya ke yi kuwa ba daidai yake tafiya da amfiya ba: in amfiya ta ninka biyu, zafi yakan ninka huɗu. Wayar nan kuma ƙarƙashin gado take bi, kusa da katifa da akwatunan littattafai.

Na nuna wa ɗan'uwan nan lissafin. Ya duba, ya sake ninkawa da kansa, ya ce to, sai a riƙa dafa ruwa buta ɗaya ɗaya. Mun sayo sabon fiyus mai lamba 13, mai guga kuma yanzu yana jira ruwa ya tafasa tukuna.