Dokar Hana Cin Zarafi ta Iso Gombe, Saura Ta Isa Tsakar Gida

Da an ce gwamnati za ta tallafa wa mata, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne keken ɗinki, injin markaɗe da ɗan jarin da ake rabawa a gaban 'yan jarida. Ba laifi. Amma matar da miji ya kora cikin dare a unguwar Bolari ko Pantami, da goyo a bayanta, doka take buƙata kafin jari.

A Disambar 2022 Gwamnan Gombe Muhammadu Inuwa Yahaya ya sa hannu a kan dokar kare yara da kuma dokar hana cin zarafi, wadda aka fi sani da VAPP. Asalin VAPP dokar tarayya ce, Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba mata hannu a 2015, sai dai ƙarfinta bai wuce Abuja ba sai majalisar jiha ta karɓe ta. Shekara bakwai Gombe ta yi kafin ta karɓa.

A dokar ta tarayya, dukan mata laifi ne, haka korar ta daga gida da ƙarfi, da kaciyar mata, da wulaƙanta wadda mijinta ya rasu da sunan al'ada. Namijin da ya tsallake ya bar iyali ba ci ba sha yana iya shan ɗauri. Hukuncin fyaɗe yana kaiwa ɗaurin rai da rai. Kotu kuma tana da ikon ba da umarnin kariya, ta hana mai barazana kusantar matar tun kafin a yanke hukunci.

Masu cewa dokar Turawa ce sun manta cewa ciyarwa, tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji a Musulunci, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta tana cikin idda. Coci ma ba ta koyar da duka. Sabon abu shi ne yanzu akwai alƙalin da zai tambaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne "a rufa asiri". In an yi wa yarinya fyaɗe, sai dangi su taru, a kira mai unguwa, a ce ta yi haƙuri kada ta rasa mijin aure, wanda ya yi ɓarnar kuma ya koma majalisarsa. Sulhu yana da kyau a saɓanin ma'aurata. Fyaɗe kuwa ba saɓani ba ne.

Wadda aka zalunta tana iya kai ƙara ofishin 'yan sanda, Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Idan fyaɗe ne, a fara da asibiti, kamar Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kafin a yi wanka ko a wanke tufafi, don a nan shaidar take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau kuma dole a fara shan sa cikin awa 72.